Lambar asusu a ƙasan kowane imel: a biya ko a bari?

Tambaya: Ina sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari, ina kuma odar kaya daga Sin. Yarana duk da adireshin imel na kamfani suke aiki. Mai kula mana da kwamfuta ya ce in biya shi ya saka matata, wato wani tsari mai bin saƙonni, a uwar garke, kwamfutar da imel ɗinmu ke bi ta cikinta, ta riƙa liƙa lambar asusunmu a ƙasan duk saƙon da ya fita. Ya dace in kashe kuɗin?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. A saka matatar, amma kada lambar asusu ta shiga ciki. Idan kwastomomi suka saba ɗaukar lamba daga ƙasan imel, ranar da ɗan damfara ya kwaikwayi saƙonku ya canza lambar, babu wanda zai tsaya tambaya, sai dai a ji kuɗin kaya sun faɗa aljihun wani. Abin da ya kamata a liƙa shi ne sunan kamfani, lambar rajistar CAC, lambar waya, da layi ɗaya: "Ba ma canza asusu ta imel, a kira mu kafin a tura kuɗi."

Kafin ka biya, tambaye shi ina imel ɗinku yake. In Google Workspace ne ko Microsoft 365, wannan tsari yana nan a shafin mai gudanarwa, kunna shi kawai za a yi, don haka ladan aikin bai kamata ya yi nauyi ba. In kuwa uwar garkenku ce mai amfani da manhajar aika imel ta Postfix, sai an haɗa wata manhaja irin su alterMIME, nan akwai aiki.

Ga inda ake tuntuɓe. Akwai hatimin da ake kira DKIM, wanda ke shaida cewa ba a taɓa saƙo a hanya ba. In aka buga hatimin sannan matata ta ƙara rubutu, ya lalace, takardar kuɗinka tana iya ƙarewa a akwatin tarkacen kwastoma, kai kana nan kana jiran alat. Dole ƙarin ya riga hatimin. Ka sa ya aika gwaji zuwa Gmail a gabanka, ya buɗe asalin saƙon, ka ga an rubuta PASS a gaban DKIM, sannan ka cika masa kuɗinsa.

Tunda ya zo, ya ƙara wata matata ga saƙonnin da ke shigowa, mai rubuta "DAGA WAJE" a kan taken saƙon. Yaronka zai gane saƙon da ya zo da sunanka alhali ba daga kamfani ya fito ba.