Me zan sha don kada muryata ta riƙa dishewa bayan waƙar biki?

Ɗan'uwa, ka ce duk daren da ka yi waƙa a gidan biki sai ka wayi gari murya a dishe, kana neman abin sha.

Zuma a ruwan ɗumi da 'yar citta tana sanyaya maƙogwaro, ni ma ita nake sha. Amma abin da ka haɗiye ba ya taɓa tantanin murya, ciki yake wucewa. Abin da ke isa wurin kai tsaye shi ne tururi, don haka ka yi sirace da ruwan zafi zalla na minti 10, musamman da hunturu. Ruwa kuwa tun da safe za ka fara sha, domin sai ya ratsa jiki kafin ya yi amfani.

Lemon tsami da yaji ka rage su da dare, suna tayar da ƙwannafi, shi kuma yana ƙona maƙogwaro kana barci. Taba da shisha ba sai na faɗa ba.

In ta dishe, yi shiru kawai. Raɗa ma wahalar da ita take yi. Idan ta wuce mako 3 ba ta dawo ba, je ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro.