Ɗana zai tafi karatu Kanada a tsakiyar sanyi, me zan tanadar masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a nan Daura. Ɗana na fari ya samu gurbin karatun digiri na biyu a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, zai tafi farkon Janairu in Allah ya kai mu. An ce ma binciken da zai yi zai kai shi can arewa, wani gari wai shi Churchill. Mahaifiyarsa ta kasa barci tun da aka ce mata sanyin can yana cire wa mutum kunne. Na sayo masa suwaita uku da jaket a gwanjo, shi kuwa cewa yake ai ya saba da hunturun Daura. Don Allah gaskiya ne abin da ake faɗa? Me ya kamata mu tanadar masa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai shi lafiya. Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Mutum sama da 700,000 ke zaune a Winnipeg, da jarirai da tsofaffi, kuma kowa da kunnuwansa. Ni ma na yi shekaru ina aikin asibiti a lardin Manitoba, inda Winnipeg take, na dawo lafiya. Abin da ya tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne maganar yaron, cewa ya saba.

A Daura ko Katsina, daren da muke cewa jaura ta sauko, ma'auni yana wajen digiri 12 ko 13 ne sama da sifili. Firizar da ake daskarar da nama a ciki tana kan digiri 18 ƙasa da sifili. To, daren Janairu a Winnipeg yakan sauka ƙasa da na firizar nan, wani lokaci ya kai 30 ƙasa da sifili har ya wuce. Mu a nan dauriya muka sani: ka ƙudundune, ka ji ɗumin wuta a bakin mai shayi, hantsi ya dubi ludayi sanyi ya gudu. Can kuwa ranar da gari ya waye tarwai, sama ba gajimare, sau da yawa ita ce ranar da ta fi kowace tsanani. Wanda ya ce bari ya daure har rana ta yi, shi ake kawo mana asibiti.

Hukumar yanayin Kanada tana ba da lamba biyu, ta sanyin kansa da ta sanyi haɗe da iska. Ta biyun zai riƙa dubawa kafin ya buɗe ƙofa. Idan ta kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Daga 40 zuwa 47, minti 5 zuwa 10 sun isa.

Yadda abin ke faruwa shi ne, jiki yana son riƙe zafinsa a digiri 37. Da sanyi ya matsa masa, sai ya tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa yatsu da kunne da hanci, ya tara jinin wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Wuraren da aka janye wa jini su ne ruwan cikin namansu ke zama ƙanƙara. Da farko wurin zai yi raɗaɗi kamar ana tsira allura, daga nan sai ya yi shiru. Wannan shirun ne haɗarin. Shekarata ta farko na fito daga masallaci bayan Juma'a da hula zanna kawai, kunnuwana a waje da sauran damshin alwala, na tsaya jiran bas. Kunnena na dama ya yi zugi, can ya daina, na ɗauka na fara sabawa. Wata dattijuwa ce ta nuna mini shi da yatsa. Na taɓa na ji shi tauri kamar ƙirgi. Allah ya taimake ni sama-sama ne, ya yi bororo ya saɓule ya warke, amma har yau shi ke fara gaya mini hunturu ya shigo.

A fatarmu alamar ba ta fitowa fili kamar ta Turawa. Wurin yakan yi fari-fari kamar an shafa toka, ya yi tauri. Binciken da aka yi a kan sojojin Birtaniya da na Amurka ya nuna baƙar fata sun fi saurin samun wannan rauni. A Disambar 2016 wasu 'yan Ghana biyu suka tsallaka da ƙafa daga Amurka zuwa kusa da garin Emerson na Manitoba cikin dare. Sun rayu, amma sai da aka yanke musu yatsun hannu.

Idan wannan rauni ya samu ɗanka, ya shiga ɗaki, ya tsoma wurin a ruwan ɗumi na digiri 37 zuwa 39, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, na kimanin rabin awa. Zai yi zafi sosai in jini ya fara dawowa. Kada ya murza, kada ya gasa a wuta ko jikin na'urar ɗumama ɗaki, domin naman da ya daskare ba ya jin ƙuna. In kuwa yana daji, wurin zai iya sake daskarewa kafin a isa gari, gara a bar shi a daskare, don narkewa a sake daskarewa ya fi ɓarna. Bayan haka sai asibiti.

Wanda ya fi wannan kisa shi ne jiki gaba ɗaya ya huce, zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 35. Mutum zai fara makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe, ya kasa ɓalle maɓalli. In abin ya yi nisa makyarkyatar ma ta tsaya, barci ya riƙa fizgarsa, wani har ya tuɓe riga yana cewa zafi yake ji. Shi kansa ba ya gane halin da yake ciki, shi ya sa ba a tafiyar daji mutum ɗaya. A kira 911, lambar agajin gaggawa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da wuya da kai, a ɗaga shi a hankali. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi mai sukari. Za a samu masu ce masa barasa na ɗumama jiki. Alhali buɗe hanyoyin jinin fata take yi zafin ya tsere. Sigari kuma ƙara tsuke na yatsu take.

Batun kaya, Alhaji, suwaitar gwanjo za ta yi amfani a tsakiya, amma ba ita ce garkuwar ba. Hawa uku ake sawa. Na jikin fata ya zama ulu ko yadin roba mai fitar da zufa. Kada ya zama auduga, domin singileti da shadda in sun sha zufa riƙe ta suke yi, ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Sai suwaita, sai babbar riga mai hana iska shiga, mai hular kanta, wadda ta sauko cinya. Ƙafafu ma a sa dogon wando na ciki. Wannan babbar rigar da takalmin ƙanƙara, ka ba shi kuɗinsu ya saya can ranar da ya sauka, kuma ya nemi wanda zai tarbe shi a filin jirgi da riga a hannu. Takalmin ya zama da sarari ko an sa safa mai kauri, don matsattse yana tare jini. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi. Hula ta rufe kunne, mayafi ya rufe hanci. Bayan alwala ya tsane jikinsa sarai kafin ya fita, kuma ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan huffi tun yana gida.

A saka masa man kaɗanya saboda kaushi da faso, iskar ɗakunan can a bushe take. Kilishi dai kada Hajiya ta wahalar da kanta, ba a barin shiga da nama. Ya nemi shawarar likita kan bitamin D, don a Disamba yinin Winnipeg wajen awa 8 ne kawai. Idan kuma yana da sikila, ya gaya wa likitan makaranta makon farko, sanyi na tayar da ita.

Churchill kuwa wata duniya ce. Tana bakin tekun Hudson, babu titin mota da ya kai ta, sai jirgin sama ko jirgin ƙasa na kusan kwana biyu. Matsakaicin sanyin Janairu wajen 26 ne ƙasa da sifili, ga fararen beyar, wasu manyan namun daji masu cin nama, da ke taruwa a Oktoba da Nuwamba. Ya bi umarnin jagora sau da ƙafa. Ya ci abinci mai maiƙo, ya riƙe dabino da gyaɗa a aljihu, ya sha ruwa ko ba ya jin ƙishi, kada ya ci ƙanƙara. Waya ta zauna a aljihun ciki, batir na mutuwa a sanyi. Ya sa baƙin tabarau, hasken rana da ke dawowa daga dusar ƙanƙara yana ƙona ido. In zufa ta fara karyo masa yana aiki, ya buɗe riga ya rage sauri kafin kayan ciki su jiƙe.

Idan mota ta maƙale musu a hanya cikin guguwar ƙanƙara, su zauna a ciki. A tayar da inji kamar minti 10 a kowace awa, a ɗan sassauta gilashi, a duba kada ƙanƙara ta toshe salansa. Hayaƙin da zai taru a motar shi ne gubar nan marar wari da ke kashe mutanenmu idan sun kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Wannan gargaɗin har gidanka na Daura ya shafa a hunturun bana.

In ya isa kuna waya, kada ka tsaya a "ya sanyi?", don ka san amsar, cewa zai yi lokacinsa ne. Ka ce ya juya kyamara ya nuna maka takalmin da hular da ya saya.