Amsa ga mai son kai mahaifiyarsa Abuja ta jirgin ƙasa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka a kan ko ya fi dacewa ka bi da Hajiya ta Kaduna ku hau jirgin ƙasa zuwa Abuja wajen likitan ƙoda, da kuma ko akwai ƙamshin gaskiya a zancen da ake yaɗawa cewa sabon layin dogo ya kusa isowa Gusau. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri. Na kasa wucewa ban ce komai ba, domin irin wannan ɗawainiya na yi da mahaifina kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ka bi da ita ta jirgin, wannan ita ce shawarata kai tsaye. Daga tashar Rigasa da ke Kaduna zuwa tashar Idu da ke Abuja kilomita 186 ne, kuma tun da aka buɗe layin a watan Yulin 2016 ya zama rufin asirin tsofaffi da marasa lafiya, saboda kowa yana da kujerarsa, akwai sanyi a cikin tarago, akwai banɗaki, kuma babu ramin da zai jijjiga mai ciwo har ya fasa ihu. Mahaifina, wanda ba ya iya cikakken sa'a guda a mota sai ƙafafunsa sun kumbura, yakan miƙe su a jirgi har barci ya ɗauke shi. Amma ka sani cewa wahalarmu mu mutanen Zamfara ba a cikin jirgin take ba, tana cikin isa inda jirgin yake, domin tsakaninmu da tashar akwai fiye da kilomita 200 na hanyar da duk ka san halinta.

A nan ne aka cuce ni, kuma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Na sayi tikitinmu na jirgin rana, na je tashar mota tun da daddare kafin ranar tafiya na yi magana da wani direba, na biya kuɗin kujerun gaba duka biyu don tsoho ya samu sarari, muka yi da shi cewa ana sallame Asuba za mu tashi kuma ba zai tsaya lodi a hanya ba. Ya rantse mini da Allah a gaban 'yan kamasho. Gari ya waye, rana ta fito, mutumin nan yana zagaye yana neman cikon fasinja, da na yi magana sai ya ce in yi haƙuri, yanzu-yanzu. Da muka isa Tsafe ya tsaya ɗaukar buhuna, a Funtuwa ya shige wajen mai shayi ya bar mu a cikin mota tana ta ɗaukar zafi, mahaifina yana zufa yana salati a hankali don kada in ji nishinsa. Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a Zariya, inda ya kashe mota ya ce shi iyakarsa ke nan, ya sayar da mu ga wata motar da ko rabi ba ta cika ba. Na tuna masa rantsuwarsa, na nuna masa dattijon da ba ya iya tsayuwa da ƙafafunsa, sai ya kawar da kai yana ƙirga kuɗi, ya ce in ina sauri in ɗauki shata. Ni da wani bawan Allah mai sayar da rake muka ciccibi mahaifina daga wannan mota zuwa waccan, hularsa ta faɗi a ƙasa, mutane suna kallo, shi kuma yana ba ni haƙuri kamar shi ne ya yi laifin. Ko da muka isa tashar jirgi an riga an rufe ƙofa, kuɗin tikiti ya tafi, ranar ganin likita ta wuce, aka sake ba mu wata mai nisa. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, amma wannan direban na bar shi da Allah, domin ya ga halin da tsohon yake ciki da idonsa.

Saboda haka kada ka haɗa tafiyar Gusau da hawa jirgi a rana ɗaya, ko da wa ya yi maka alkawari. Ku tashi da hantsi lokacin da motoci suka yawaita a hanya, ku wuce Tsafe da Yankara da rana tsaka, ku kwana a Kaduna wajen 'yan'uwa ko a masauki, washegari ku nufi Rigasa da wuri, domin tashar tana can gefen gari kuma cunkoson unguwar yana cin lokaci. Tikiti kuwa ta intanet ake saye tun 2021, kuma ana neman lambar katin ɗan ƙasa, don haka ka tabbatar sunan da ke kan tikitin Hajiya shi ne a katinta harafi da harafi. Duk wanda ya tare ka a bakin tasha ya ce yana da tikiti a hannu, ka yi masa sallama ka wuce. Ka riƙe mata bargo ko mayafi mai kauri, sanyin tarago yana damun masu ciwon ƙoda, kuma magungunanta da takardun asibiti su kasance a jakar da ke hannunka, kada su shiga cikin manyan kaya. Ka kuma tambayi wanda zai tarbe ku ko tashar Kubwa da ke Abuja ta fi kusa da masaukinku, saboda jirgin yana tsayawa can kafin Idu, kuma Idu tana da nisa da tsakiyar birni.

Na san abin da ke ranka wanda ba ka rubuta ba, domin babu wanda ya manta daren 28 ga Maris 2022, lokacin da aka dasa wa jirgin bam aka kashe mutane aka kwashe fiye da sittin zuwa daji, waɗansu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba. An dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na wannan shekara, kuma a watan Agustan 2025 jirgin ya sauka daga kan dogo a kusa da tashar Asham da ke kan layin. Ban ɓoye maka ko ɗaya ba. Sai dai mu da muke bin hanyar Funtuwa da addu'a a baki mun san cewa ba a auna haɗarin jirgi da zaman gida, ana auna shi ne da haɗarin mota, kuma ni a nawa ma'aunin jirgin rana ya fi wa mara lafiya. Ka yi addu'ar tafiya, ka ba da sadaka, ka dogara ga Allah.

Game da tambayarka ta biyu, kada ka gina wani shiri a kan wannan zance na isowar sabon dogo Gusau. Gaskiya ne harkar jirgin ƙasa tana faɗaɗa a Najeriya: an buɗe layin Warri zuwa Itakpe a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021, kuma a shekarar 2021 ɗin aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi wanda ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da kuma na Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203. Ka duba waɗannan sunaye da kyau, babu Gusau a ciki, babu Ƙauran Namoda, balle Sakkwato da Birnin Kebbi waɗanda dogo bai taɓa shiga ba tun zamanin Turawa. Wanda zai taɓa rayuwarmu a kusa shi ne na Kaduna zuwa Kano, domin ta Zariya ya bi, kuma ranar da aka gama shi mutumin Gusau zai hau jirgi a Zariya ya sauka Abuja ba tare da ya shiga cikin Kaduna ba. Da wannan layi yana aiki a lokacin mahaifina, da inda direban nan ya yasar da mu nan ne bakin tasharmu.

Abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne mu ba baƙin jirgi ba ne. Dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda tun 1929, shi ya kwashi gyaɗa da auduga na ƙasar nan zuwa bakin teku, shi ya tara fatake da ma'aikata har Gusau ta zama garin da ta zama. Mahaifina yakan ba mu labarin yadda suke sanin lokaci da kukan jirgi, da yadda mata ke jeruwa a tasha da ƙwaryar fura da dafaffen ƙwai. Yau ka je tashar Ƙaura ka ga ciyawa ta rufe ƙarafa, awaki suna kiwo a tsakanin dogo, yaran da aka haifa a unguwar ba su san ƙarar jirgi ba. Kuma mutane da yawa ba su gane cewa sabon jirgin ba zai iya hawa wannan tsohon layi ba, saboda faɗin tsohon milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435, don haka ko dai a gyara tsohon a sa masa irin jirginsa ya riƙa kai mu Zariya, ko a shimfiɗa sabo tun daga tushe, wanda kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Ni a ganina gyaran tsohon shi ne abin da ya kamata mu nema da babbar murya, domin hanyar tana nan, filin gwamnati ne, ba sai an biya diyyar gonaki ba. Tun watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, saboda haka ba daidai ba ne a ci gaba da ce mana wannan aikin tarayya ne kaɗai. Zamfara ita kaɗai ba za ta iya ba, amma dogon ya ratsa jihohin Kaduna da Katsina kafin ya iso mu, kuma manoman Funtuwa suna bukatarsa kamar yadda muke bukata. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a unguwarku, ka tambaye shi wannan a gaban jama'a, ka kuma tambaye shi yadda za a tsare layin, tunda ta dajin da muke tsoro ya bi.

Idan Hajiya ba ta iya doguwar tafiya da ƙafa, ka nemi keken marasa lafiya mai naɗewa tun daga gida, domin daga ƙofar tasha zuwa bakin tarago akwai 'yar tazara, kuma ka tafi da mace ɗaya daga cikin 'yan'uwa saboda shiga banɗaki. Ka sanar da mu idan kun sauka lafiya.