"Biyar" a Teburin Poka: Ɗari Biyar ko Dubu Biyar?

Tambaya: A gasar poka (wasan kati na caca) a Las Vegas, ɗan wasa ya ce "biyar" kawai, ana buɗe wasa da zubin dole na 200 da 400. Nawa ya zuba?

Amsa: Malam, a nan baki ne ke yanka wuya. Dokar TDA, ƙungiyar masu gudanar da gasar poka wadda aka kafa a 2001, ta ce a duba jimillar abin da aka riga aka zuba a tsakiyar tebur. In bai kai 5,000 ba, zubinsa 500 ne. In ya kai, 5,000 ta hau kansa, ba janyewa. Shi kuma ɗan wasan da wani ya riga shi zubi, in ya jefa babbar kwandalar wasa ɗaya shiru, daidai zubin wancan kawai ya biya, bai ƙara ba. In gardama ta tashi, mai raba kati ya kira alƙalin zaure, wato mai kula da gasar.