Amsa ga mai tambayar ƙarfen satur

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce zaka fara ƙera manyan wuƙaƙen sara, wato satur, wa mahauta nan Gadarif a Sudan kafin babbar sallah, kana tambaya tsakanin ƙarfe mara tsatsa da sifirin mota wanne yafi. Toh ni dai sifirin nake ɗauka, wanda larabawa ke cewa yai, kuma da shi maƙeran Kasala suka daɗe suna yin takobi da wuƙa.

Satur aikinsa dukan ƙashi ne, saboda haka juriya ake nema kafin kaifi. Sifirin mota yawanci irin ƙarfen da ake kira 5160 ne ko danginsa, kabon ɗinsa wajen 0.6 cikin ɗari, yana shan duka ya lanƙwasa ya dawo. Masu kabon da yawa kamar 1095 ko tsohon magagari sunfi riƙe kaifi amma ranar da suka haɗu da ƙashin raƙumi baki zai ɓalle, ka barsu wa wuƙar fiɗa. Mara tsatsa kuwa ba a iya masa da gawayi da zugazugi, yana son wutar da ake aunawa daidai. Rodi kam kar ma ka ɓata gawayinka.

Inda mutane ke faɗuwa wajen tsomawa ne. Ka gasa har maganaɗisu ya daina kamawa, wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius kenan, ka ƙara wuta kaɗan sannan ka tsoma a man gyaɗa mai ɗumi, kar ka kuskura ka sa a ruwa wallahi tsagewa zaiyi kana ji. Kuma kar ka tsaya nan, yana fitowa a mai kamar gilashi yake, sai ka mayar dashi wuta mai sanyi wajen digiri 200 kamar awa biyu, in ba ka da murhun aunawa ka goge shi fes ka dinga ɗumama bayan wuƙar har bakin yayi launin kara busasshe.

In kaje wajen 'yan gwangwan ka duba da kyau, tsohon sifirin lori yakan ɓoye tsaga musamman kusa da ramin tsakiya, ka yanke wajen ka yar. Kauri mili 5 zuwa 6 ya isa, bakin kuma kar ka sirantar dashi. Ka gayawa mahaucin yana tsatsa fa, ya dinga shafa mai bayan wanki.