Me ya sa masana'anta ta taɓa zanen allon lantarkina kafin ta buga?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne a nan Jidda. Na zana allon lantarki a manhajar zane ta KiCad don wata 'yar na'ura da za ta riƙa auna ruwan tankin gidanmu tana turo min saƙo a waya. Na aika fayilolin Gerber, wato fayilolin zanen da ake buga allo da su, zuwa wata masana'anta a Shenzhen. Da allunan suka iso sai na ga wata lamba da ban rubuta ba, an gutsure wasu haruffan farin rubutu, ga kuma ɗige-ɗigen tagulla a filin da na bari fayau a ƙarƙashin eriyar ESP32, wato ɓangaren da ke haɗa allon da Wi-Fi. Yanzu Wi-Fi ba ya nisa. Suna da hurumin yin haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka. Abu uku ka lissafa, biyu suna kan daidai, na ukun kuwa sun wuce gona da iri.

Babu masana'antar da ke ɗaukar fayil ɗinka ta miƙa wa inji yadda yake. Sai ya biya ta hannun ma'aikacin da suke kira injiniyan CAM, wanda aikinsa shi ne ya daidaita zanen da injinansu da sinadaransu. Ka san tela yakan ƙara tsawo idan ya san yadin zai ja bayan wanki, don rigar ta fito daidai awonka. Yawancin gyaran da suke yi irin wannan ne.

Ɗauki layukan tagulla. Sinadari ake sa wa ya cinye tagullar da ba a so, shi kuma ba ƙasa kaɗai yake ci ba, yana ci ta gefe. Saboda haka sai su ɗan faɗaɗa kowane layi a fayil, don bayan sinadarin ya ci rabonsa ya saura faɗin da ka zana. Haka ramukan da ƙafafun kayan lantarki ke shiga. Idan ka nemi rami mai milimita 0.8, za su huda kusan 0.9, domin daga baya za a shafe bangon ramin da tagulla, wadda ƙa'idar IPC-6012 ta ingancin allunan lantarki ta ce kada matsakaicin kaurinta ya gaza maikiron 20 a aji na biyu na inganci, 25 a aji na uku (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Da sun huda 0.8 cif, da ƙafar ba ta shiga ba. A allo mai hawa huɗu ko shida na tagulla har ɗan buɗa hoton hawan ciki suke yi, saboda yana tsukewa idan aka danne shi da zafi. Duk wannan ba sa neman izini, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Haruffan da aka gutsure, ka duba da kyau, za ka tarar sun hau kan wurin da dalma za ta zauna ne. Tawada a wurin tana hana dalma kamawa, gara a rasa rabin harafi. Lambar kuma ta odarka ce: allunanka suna cikin babban falle ɗaya da na wasu mutane, da ita ake ware naka bayan an yanka. Yawancin masana'antu suna ba da zaɓin a cire ta ko ka nuna inda za a sa.

Ɗige-ɗigen nan su ne maganar. Suna da dalili: lokacin shafa tagulla da lantarki, inda layuka suka yi ƙaranci wutar takan taru a kansu, shafin ya yi kauri a can ya yi siriri a wani wuri. Ɗigon yana raba wutar. A bakin falle, inda za a yanke a zubar, babu mai cewa uffan. Amma a cikin allon mutum, wannan ya zama sauya zane, kuma tagulla a ƙarƙashin eriyar da ke aiki a gigahaz 2.4 tana karkatar da ita. Kamata ya yi su tambaye ka.

Sai dai ka san wani abu game da Gerber: hoto ne kawai. Yana cewa nan tagulla, nan babu, amma ba ya faɗin dalili. Alamar hana zuba tagulla da ka sa a KiCad tana zama ne a cikin KiCad, ba ta bin fayil ɗin. Ko sigar X2 da kamfanin Ucamco na Beljiyam ya fitar a 2014, wadda ta ƙara bayanin wane hawa ne wane, ba ta gaya wa ma'aikacin abin da ke ranka. Shi fili ya gani, ya cike. Irin wannan gyara mai buƙatar amincewarka ya haɗa da cire zoben tagulla marasa aiki a hawan ciki, da sauya faɗin layi don a samu ma'aunin tirjiyar da sigina ke buƙata, kamar om 50 ko om 90 na USB, da canja kaurin hawa ko nau'in allon.

A oda ta gaba ka haɗa gajeriyar takarda da Turanci: kada a ƙara tagulla a cikin allo, kada a sauya komai banda gyaran da aikin bugu ke buƙata sai an tambaye ka. Ka nemi su turo maka fayil ɗin da suka gyara kafin su fara, ka ɗora shi a kan naka a GerbView, manhajar duba Gerber da ke zuwa tare da KiCad, ka bi hawa-hawa. Ka kuma tura musu jerin haɗe-haɗe na IPC-D-356, wato fayil mai nuna wane wuri ne ke haɗe da wane a allon, don gwajin lantarkinsu ya dogara da zanenka na asali. Ka riƙa duba saƙo da asuba, domin Sin tana gaban Saudiyya da awa 5, kuma Juma'a ranar aiki ce a wurinsu. Tambayar da ba ka amsa ba ita ke tsayar da oda.

Allunan da ke hannunka kuwa, ɗauki ɗaya ka kankare ɗigon da reza a hankali, ka gwada shi da wanda ba ka taɓa ba a wuri guda. Idan ƙarfin Wi-Fi ya bambanta, ka tura musu hoto da sakamakon ka nemi su sake bugawa. Idan bai bambanta ba, ka duba ginin kankare da ke tsakanin tankin da cikin gida. A sabon zane ka bar eriyar ta leƙo waje da bakin allon, kamar yadda Espressif mai ƙera ESP32 ya ba da shawara.