Tambayoyinku Kan Barin Giya Da Inda Ake Samun Abokan Tafiya

Wannan satin saƙonnin giya ne suka fi yawa, na cire sunaye kamar kullum.

Tambaya: Likita kofi mai ɗaci ko wanka da ruwan sanyi na warware maye? Daga Samaru.

Amsa: Basa warwarewa. Hanta ce ke fitar da giya kuma a nata lokacin take yi. Kar ka hau babur.

Tambaya: Ƙanena ya shekara da shekaru yana shan ogogoro kullum, ya rantse ya daina sai muka kulle shi a ɗaki. Yau kwana biyu yana kakkarwa da gumi, baya barci, wai yana ganin macizai a bango. Kawunmu yace iska ce a kai shi gidan mari. Daga Tudun Wada.

Amsa: Baiwar Allah ajiye wayar nan ku nemi mota zuwa Shika, sashen gaggawa na asibitin koyarwa na ABU Zariya, ki ƙarasa karatun a hanya. Wannan ba aljanu bane. Giya tana danne ƙwaƙwalwa ne, in aka daɗe ana sha sai ƙwaƙwalwar ta saba tana ƙara wuta don ta iya aiki, to ranar da aka janye giyar gaba ɗaya sai wutar ta rasa mai tare ta. Kakkarwa kan fara daga awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, sannan wajen awa 48 zuwa 72 ne ake shiga mafi muni, gane-gane da surutai da zazzaɓi da bugun zuciya. Ƙanenki yana bakin wurin yanzu, kuma wannan matakin yana kisa.

A asibiti za a bashi maganin kwantar da jijiya a rinƙa rage masa a hankali, da ƙarin ruwa da allurar bitamin B1. Kar wani ya je kemis ya sayo diazepam, irin wannan maganin kwantar da jijiyar, yace zai yi a gida, dan Allah. Addu'a ku yi masa a gefen gadon asibiti, ba wanda zai hana ku. Amma gidan mari kam a'a. Mun manta abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin gidan a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa? Mai jijjiga a ɗaure cikin ɗaki ba wanda ke ganinsa, wlh abin na bani takaici. Duk mai sha kullum da ke son dainawa ya fara ganin likita, kar ya yanke shi kaɗai.

Tambaya: An sallame ni daga asibiti, wata ɗaya kenan ban sha ba, amma duk abokaina na Sabon Gari 'yan sha ne. Ina zan samu masu irin matsalata mu rinƙa zama? Kunya nake ji.

Amsa: Sannu da ƙoƙari ɗan uwa. Fara da inda aka sallame ka, ranar ganin likita ka tambayi ma'aikacin jin daɗin marasa lafiya ko nas ɗin sashen ƙwaƙwalwa su haɗa ka da zaman rukuni, su suka san wa ke haɗuwa da wa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna shima yana da sashen masu shaye-shaye, NDLEA kuma suna ba da shawara, ba kamu kawai suke yi ba. Akwai ƙungiyar AA (Alcoholics Anonymous) ta masu son barin giya, da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka fara a Amurka a 1935, ba a biyan kuɗin shiga, sunan farko kawai ake faɗa, sharaɗin ɗaya ne kana son dainawa. Suna zama ta Zoom kullum, yawanci da Turanci, kana iya kashe kyamara ka saurara kawai in kana da data. In kuma kun kai ku uku masu niyya ɗaya, ku tsayar da rana a sati, abin da aka faɗa a wurin ya tsaya a wurin. Zaman ba ya maye gurbin asibiti fa, ka ci gaba da zuwa.

Tambaya: An bani wani gari wai in barbaɗa wa maigida a abinci zai tsani giya.

Amsa: Zubar dashi Hajiya. Baki san me ke ciki ba, hantarsa kuma dama a gajiye take. Ko disulfiram, maganin hana shan giya da likitoci ke rubutawa, in aka ba mutum a ɓoye ya sha giya a kai jininsa na iya faɗuwa ya sume. Ki lallaɓa shi ku zo tare.

Tambaya: Bayan wata huɗu na koma sha, shikenan na lalace?

Amsa: Ko kusa, da yawa sai sun faɗi sun tashi. Ka dawo asibiti cikin satin nan ka tambaya ko naltrexone, maganin rage sha'awar giya, zai dace da kai, in kuma ka ji kakkarwa kar ka jira satin, ka zo a ranar.